Farfelar da Ka Ce Sabuwa Ce, Alhaji Barau

Zuwa ga Alhaji Barau, mai warshar gyaran babura da ke Ka'akiyya, Makka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin wadda ƙarami ke yi wa babba, da fatan kana lafiya, kai da iyali da masu aiki a ƙarƙashinka. Ni ne Isyaku direba, mutumin Gwarzo, wanda muke haɗuwa da kai wurin cin tuwo a Misfala. Ka san ni, ko da yake a 'yan makonnin nan in na yi maka sallama sai ka mai da ido kan waya.

Na zo warsharka sau uku a kan maganar nan. Na kira ka har na daina ƙirga. Na aiko maka da limamin da muke salla tare, ka ce masa ƙaramar magana ce, za a gyara. Ba a gyara ba. Shi ya sa na rubuta wannan takarda a fili, da Hausa, don 'yan uwanmu da ke Makka su karanta su ga ko ni ne na yi maka ƙarya. Zan faɗi abin da ya faru ɗaya bayan ɗaya, kuma duk abin da na faɗa ina da takardarsa ko hotonsa.

Na ɗaya. Shekarata tara ina tuƙi a gidan kafilina, wato Balaraben da igamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, take hannunsa. 'Ya'yansa suna da babur ɗin ruwa, wanda a nan ake ce wa dabbab bahri. Ni nake jan shi a tirela zuwa bakin teku a Shu'aiba ranar Juma'a, in jira su, in dawo da shi. Wata Juma'a babban ɗan ya shiga da shi wurin da ruwa bai kai gwiwa ba, famfon da ke jawo masa ruwa ya zuƙi tsakuwa. Daga nan injin sai ya riƙa ihu, babur ɗin kuwa yana tafiya kamar ana riƙe da shi, ga karkarwa har a hannu. Da muka ɗora shi a tirela na leƙa ta ƙasa, na ga bakin farfelar da ke tura ruwa ya lanƙwashe, ya kuma ciccinye.

Kafilina ya ce in kai Jidda, wurin masu sayar da irinsa. Ni ne na hana. Na ce masa akwai mutuminmu a nan Makka, dattijo ne, aikinsa ya fi sauƙi, kuma ni na tsaya masa. Ya tambaye ni ko na yarda da kai, na ce kamar yayana. Ina so ka riƙe wannan, domin duk abin da ya same ni daga bakina ya faro.

Na biyu. Ranar Lahadi da safe na kawo shi. Kai da kanka ka tsaya, mu'allim Sabo, babban makanikenka, ya kwanta ƙarƙashi da tocila ya duba. Ya ce farfela ce da zoben da ke kewaye da ita, sauran komai lafiya. Ka ɗauki katin warsha ka rubuta a bayansa da hannunka: sabuwar farfela riyal dubu ɗaya da ɗari ɗaya, zobe ɗari uku, kuɗin aiki ɗari huɗu. Duka dubu ɗaya da ɗari takwas. Na ba ka dubu ɗaya kafin alƙalami, ka ce in zo ranar Alhamis. Kafin in fita na ce maka in an buɗe an ga wani abu daban, a kira ni kafin a taɓa, domin kuɗin ba nawa ba ne. Ka dafa kafaɗata ka ce in kwantar da hankalina. Katin nan yana cikin aljihuna yanzu da nake rubutu.

Na uku. Alhamis na zo, aka ce kaya ba su iso daga Jidda ba. Na dawo Litinin, aka ce mu'allim ya fita. Kwana goma sha shida babur ɗin ya yi a wurinka, kuma a kwanakin nan babu wanda ya kira ni ko sau ɗaya. Ni nake kira, ni nake zuwa. Ranar da aka ce ya gama, aka miƙo mini fatura, wato takardar lissafin aiki, ta riyal dubu huɗu da ɗari shida da hamsin.

Na ɗauka an haɗa ni da faturar wani ne. Sai da na karanta: bayan dubu ɗaya da ɗari takwas da muka yi, an ƙara sandar da ke juya farfela dubu ɗaya da ɗari huɗu, boris da robobi ɗari biyar da hamsin, canjin baƙin mai ɗari uku. Sai na ƙarshe: ardiyya, wai kuɗin ajiyar babur a filinka na kwana goma sha biyu, riyal hamsin kowace rana, ɗari shida. Alhaji, wa ya ajiye shi? Kai ka ce Alhamis, kai ka saɓa, sannan ka caje ni kuɗin kwanakin da ka ɓata mini?

Na ce a bar ni in tafi da babur ɗin mu yi magana daga baya. Ka ce tirela ba za ta fita ƙofa ba sai an cika kuɗi. Ka sa aka gitta mota a bakin ƙofar, a gaban mutane, kamar wanda aka kama zai gudu da kayan wani.

Na huɗu, kuma nan ne ciwon yake. Na kira kafilina na karanta masa faturar. Bai yi faɗa ba. Ya turo ragowar kuɗin, dubu uku da ɗari shida da hamsin, na ja babur na kai gida. Da na shiga da mota yana tsaye a tsakar gida. Ya karɓi faturar, ya karɓi katin da ka rubuta, ya duba wannan ya duba wancan, sannan ya miƙo mini su, ya ɗago ya tambaye ni nawa ne kasona a ciki.

Shekara tara, Alhaji. Na kai mahaifiyarsa asibiti tana kwance a kujerar baya, na ɗauke ta a hannuna na hau da ita bene. Katin bankinsa yana kwana a aljihuna, in yi cefanen gida babu mai tambayar rasit. 'Ya'yansa mata tun suna firamare nake kai su makaranta. Mutumin nan ne ya dube ni ya tambaye ni kasona. In da ni ne a matsayinsa, abin da zan yi tunani ke nan: direba ya hana a kai Jidda, ya kai wurin ɗan uwansa, kuɗi ya ninka fiye da biyu.

Washegari ya karɓi katin bankin. Yanzu in za a sayi ko burodi ne, sai a ba ni kuɗi daidai, in dawo da rasit, ɗansa ya duba. Ya ce rarar da ta hau kan abin da aka yi alkawari, riyal dubu biyu da ɗari takwas da hamsin, daga albashina za ta fita, ɗari biyar duk wata. Albashina dubu ɗaya da ɗari shida ne. An riga an cire na farko. Matata da 'ya'yana huɗu a Gwarzo da abin da nake turawa suke ci, kuma na kasa gaya mata gaskiyar dalilin da ya sa kuɗin watan nan ya ragu. Igamata saura ƙasa da wata biyu ta ƙare. Duk shekara tun da sauran lokaci yake ce mini in kawo ta a sabunta. Bana bai ce uffan ba.

Na biyar. Da aikin ya yi kyau, da wataƙila na haɗiye na yi shiru. Juma'ar da ta biyo baya muka sa shi a ruwa, karkarwar tana nan. Ta ragu, amma tana nan. Kafilina ya ce a wannan karon da shi za a je. Muka kai shi Abhur, a Jidda, wurin wani makanike da ba ya sanina, ba ya sanin ka. A gabanmu ya kwance famfon ya ɗora a kan tebur.

Farfelar da ka ce sabuwa ce, tsohuwa ce. An yi wa bakinta walda, an goge da injin gurza, an wanke ta ta yi ƙyalli. Ya nuna mana tabon waldar da ɗan yatsa, ko makaho ya shafa zai ji. Ban sani ba ko tamu ce aka gyara aka mayar, ko ta wani ce aka ɗauko, domin da na nemi tsofaffin kayan da aka cire, mu'allim Sabo ya ce an zubar. Sandar da aka caje mu dubu ɗaya da ɗari huɗu kuwa ko kwance ta ba a yi ba, ga tsatsar ruwan gishiri nan a jikinta yadda take tun bara. Boris ɗin ma tsofaffin ne. Zan faɗi gaskiyarka inda kake da ita: zoben sabo ne, baƙin mai ma an canja, ko da yake babu wanda ya ce a canja. Abin da aka yi mana ke nan, zobe da mai da walda, a kan dubu huɗu da ɗari shida da hamsin.

Kafilina bai kalle ni ba duk tsawon hanyar Jidda zuwa Makka.

Na shida. Na kawo maka hotunan da na ɗauka a Abhur a wayata. Ka ja ni gefe, bayan tsofaffin tayoyi, ka rage murya ka ce me ya dame ni, ai kuɗin Balarabe ne, mutumin da ke saya wa yara abin wasa na dubban riyal ba zai ji wannan ba. Har ka yi dariya. Na gaya maka daga albashina ake cirewa, ka ce in yi haƙuri, in na kawo wani aikin za ka rage mini.

Wane aikin, Alhaji? Wa zai sake aike na? Kuma ko da daga aljihunsa aka cira, yaushe dukiyar mai kuɗi ta zama halal don yana da ita da yawa? Daga ƙofar warsharka zuwa Harami tafiyar 'yan mintuna ce a mota. Kai ne mai yi mana nasiha in muka zauna, kai ne ake kira in an yi rasuwa a cikinmu. Balaraben da ka nufa bai rasa komai ba. Ni ka cuta, ni da na kira ka yayana a gabansa. Kuma gobe in wani direba Bahaushe ya ce wa maigidansa ga wani namu mai gyara, da wane ido za a dube shi?

Na bakwai. Kafilina ya so ya shigar da ƙara wurin hukumar da ke kula da ciniki tun ranar da muka dawo daga Abhur. Katin yana nan, faturar tana nan, makaniken Abhur ya ce zai rubuta abin da ya gani. Ni na roƙe shi ya dakata, kuma roƙon nan ya ƙara masa zargina. Ka san abin da ya sa na roƙa. Akwai bayin Allah da ke samun na abinci a warshar nan, waɗanda ba su ci ko riyal ɗaya daga kuɗin nan ba, kuma in jami'ai suka shigo ba a kan farfela kaɗai za su tsaya ba, sai sun bi takardun kowa. Kafilina ya ba ni zuwa ƙarshen watan nan. Bayan haka ba zan sake buɗe baki in roƙa maka ba, kuma ba ni da fuskar da zan yi hakan.

Ga abin da nake nema.

Ka mayar da kuɗin abin da ba a yi ba: sanda dubu ɗaya da ɗari huɗu, boris da robobi ɗari biyar da hamsin, ardiyya ɗari shida, farfela dubu ɗaya da ɗari ɗaya. Duka dubu uku da ɗari shida da hamsin. Zoben da man da kuɗin aiki na bar maka, ko da yake aikin bai cancanci a biya shi ba. Kada ka ba ni a hannu. Ka tura ta asusun da kuɗin ya fito, don kafilina ya gani da idonsa.

Ka daina cajin mutane kuɗin ajiya a kan jinkirin da ya fito daga gare ka, kuma duk abin da aka cire a jikin injin mutum a miƙa masa kayansa.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi mini kuɗin. Ka sa rigarka ka zo gidan kafilina, ni zan ɗauko ka in mai da kai. Kana jin Larabci fiye da ni, a nan ka girma. Ka tsaya a gabansa ka gaya masa da bakinka cewa Isyaku bai san komai ba, bai karɓi ko riyal ɗaya ba. Maganar ba za ta ɗauke ka minti biyar ba. In ka mayar da kuɗin ba ka zo ba, cewa zai yi asirinmu ne ya tonu muka dawo da su, kuma ni a haka zan ci gaba da tuƙa mutumin da yake ƙirga canjin burodi a bayana, ko kuma in tattara kayana in koma Gwarzo da sunan ɓarawo.

Ban yafe ba tukuna, kuma ba zan yi maka ƙaryar na yafe ba. Amma ina roƙon Allah Ya ba ka ikon gyara wannan tun kana da hali, Ya tsarkake maka kasuwarka, Ya sa ka gama da duniya babu haƙƙin kowa a wuyanka. Allah Ya shirye mu baki ɗaya.

Wassalam.

Isyaku direba,
Makka.