Rijiyar Kakan Baffa Jaɓɓi

Gazawa, daren Laraba

Na kasa cin tuwo.

Wata huɗu ni da Hadiza muna zana burtalin shanun da ya ratsa Gangara a taswirar kundin ilmi na intanet. Ita ke shigarwa daga Maraɗi, ni ke bin hanya a babur duk ranar da babu lakol, makarantar da nake koyarwa. Baffa Jaɓɓi, tsohon makiyayin nan, shi ya nuna mini kowace rijiya da sandarsa, ya faɗi wanda ya haƙa ta.

Kwanan baya wani edita da bai taɓa taka ƙasar nan ba ya goge rijiyar kakan Baffa, wai babu littafin da ya ambace ta. Hadiza ta ce in hanzarta in ɗauko muryar tsohon, a sa a rediyo, mu samu madogara. Na ce sai an gama zaɓe, tunda an ba ni aiki a rumfar ƙuri'a.

Yau na je. Tun daga nesa na hango tabarmi a bakin ruga, maza zaune shiru. Babban ɗansa ya riƙe hannuna, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakol, ya ce, "Mushe, shekaranjiya muka kai shi makwancinsa. Kullum sai ya tambaya ko ka sa rijiyar a hoton nan naka."

Na ce Allah ya jiƙansa.

Ina ta zagin editan a raina, amma ba shi ya ce sai an gama zaɓe ba.

A dawowa na biya ta wurin. Mata na jan ruwa, shanu na sha. Na roƙi guga na kurɓa. Ruwa mai sanyi, daga rijiyar da taswirarmu ta ce babu ita.