Ƙadangarenka ya koma hannun Inna

Zuwa ga ƙanena Bello,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya sanyin Jos? Ina fata kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan Sakkwato sai godiya.

Ƙadangaren nan naka mai gemu ya ba mu tsoro. Ka tuna ranar da ka shigo da shi cikin akwatin gilashi, Inna ta ce, "Waɗanda ke bisa katanga ba su ishe ka ba, sai ka sawo wanga?" To, tun tafiyarka ita ke kiwonsa. Don tausayi ta ɗauke shi daga tsakar gida ta aje bayan randa, wai kada rana ta ƙona mata shi. Sai ya daina motsi, fara ma da yake so ko kallonta ba ya yi.

Na kai shi wurin likitan dabbobi a Sama Road. Ya ce sanyi da duhu ne suka kwantar da shi, irinsu sai da rana.

Yanzu kowane hantsi Inna kan fito da shi gindin dalbejiya, ta zauna kan tabarmar da kake karatu a kai, tana yanka masa zogale tana ba shi labarin ƙuruciyarka. Jiya ya ci fara.

Ka gaida Maryam da yara, ku sa mu a addu'a. Shi dai rana ta warkar da shi. Ita kuwa Inna, sai ka zo.

Yayarka,
Hadiza