Keken Inna a cikin kiɗanka

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ka yi haƙuri da na dame ka da takarda alhali na san aiki ya yi maka yawa. Ka san ni, idan na ɗauki waya gaisuwa ce ke cinye min magana. Ina fatan kana lafiya, kai da Maman 'yan biyu da yaran. Allah ya ƙara lafiya, ya raya mana su. Mu ma lafiya lau. Yaya Babba ta koma aiki, ƙafarta ta warke. Baba kuma jiki da sauƙi, a kansa ne ma nake rubuto maka.

Tun da ɓarin jikinsa ya shanye muke kai shi ɗakin motsa jiki na asibiti. Dogon ɗaki ne mai madubi a bango, da ƙarafa biyu da ake dafawa a yi tafiya a tsakaninsu. Baba ya ƙi takawa, ya ce shi ba jariri ba ne da za a yi wa tatata. Ma'aikaciyar wurin, wata doguwa mai haƙuri, takan kunna kiɗa don marasa lafiya su daidaita taku. To, ranar sai ta kunna naka, wanda ka yi wa gidajen rawa, wanda a kansa Baba ya ce ka bar masa gida. Yanzu ya sake tashe, ko'ina shi ne, a kanti, a motar haya, har wayar mai gadinmu da shi take ƙara. Ita ma'aikaciyar ba ta san naka ba ne, cewa ta yi tsohon kiɗa ne da mahaifiyarta ke so.

Ni ban taɓa sauraronsa daga farko har ƙarshe ba sai ranar. Ka san yadda aka karantar da mu, kuma ba fatawa zan ba ka ba, Allah shi ne masani. Na dai kasa kunne ko zan ji kalmar banza, ban ji ba. Abin da na ji ganga ce mai tafiya a natse, ba ta gaggawa ba ta nawa. Can tsakiya sai kome ya ɗauke, ya bar wani siririn ƙas-ƙas shi kaɗai, har mutum ya riƙe numfashi, sannan gangar ta dawo. A daidai dawowar nan Baba ya ɗaga ƙafar hagu ya taka. Bai tsaya ba sai ƙarshen ƙarafan, zufa ta jiƙa masa riga.

Muka shiga mota muka kamo hanya. Sai da muka kusa gida ya ce ƙas-ƙas ɗin nan keken ɗinkin marigayiya Inna ne. Ya gane shi da ɗan tsallen da yake yi saboda igiyarsa ta saki, wai ya sha ce mata ta canza, tana cewa gobe. Ya dube ni ya tambaya ko kiɗan naka ne. Ban iya yi masa ƙarya ba. Ya ce ashe yaron nan yana sauraron uwarsa. 

Jiya ya sa na saka masa kiɗan a wayarsa. Ya ja min kunne cewa don motsa jiki ne kawai, kada in ɗauka wani abu. Bayan la'asar kuma, yana kallon bango, ya tambaye ni ko lambarka har yanzu ta da ce.

Auta, ka san Baba ba zai fara kira ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, nasa kuwa ya bushe. Ban ce ka manta da abin da ya faru ba, na san ya yi maka ciwo. Amma likita ya ce hawan jinin bai zauna ba, kuma tsakanin ɗa da uba, ɗa ne ke durƙusawa.

Yaya Babba tana gaishe ku, haka Gwaggo da Kawu mai gyaran agogo. Ka gaishe min da Maman 'yan biyu, ka shafa min kan yaran. Don Allah ka ba ni amsa da wuri, in san abin da zan ce masa idan ya sake tambaya.

Wassalam,
Yayarka ta gida