Ran da Iska Ta Hana Tashi

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu da kika bari muna nan lafiya. Yaya Garba ya tsufa, ciwon gwiwa ya raba shi da ruwa, amma bakinsa na nan yadda kika san shi.

Dalilin wannan takarda shi ne, tun da na ajiye aikin tuƙin jirgin sama samari ba su bar ni na huta ba. Wannan ya aiko saƙo, wancan ya tare ni a ƙofar masallaci. Tambayar ɗaya ce: wace makaranta za su je, ta gida ko ta waje, kuma me za a kashe. Nakan ba su amsa, su tafi suna yaba mini basira, ni kuma in karɓe yabon. Alhali na san basirar taki ce, kuma ban taɓa buɗe baki na ce miki na gode ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta a fili, duk mai so ya karanta.

Kin tuna shekarar da na gama sakandare na dawo Warra, lokacin muna Jihar Sakkwato. Na dawo da takardar sakamako mai kyau da girman kai da ya fi ta. Tun ran da na ga wani ƙaramin jirgi ya sauka a Yelwa, matuƙinsa ya fito yana cire tabarau, na daina ganin kowace sana'a da daraja. Ƙarnin kifin da ya biya mini kuɗin makaranta ma sai ya fara damuna.

Ambulan biyu suka zo mini ta gidan waya. Ɗaya daga wata makaranta a ƙasar waje, takarda mai sheƙi, da hoton farin jirgi da samari suna dariya. Sun ce cikin 'yan watanni mutum zai riƙe lasin, sun kuma rubuta kuɗin a fili. Ɗayan daga makarantar nan ta gida, takarda mai dishi-dishi, babu hoto ko ɗaya. Sai ka ci jarrabawa, likita ya duba ka, sannan ka nemi gwamnatin jiha ta ɗauki nauyinka, kuma masu nema sun fi guraben yawa. Wannan na ninke ta na tura ƙarƙashin katifa.

Ba mu da abin da zai kai kuɗin ta waje sai kwalekwalen inji da Baba ya rasu ya bar mana. Shi Yaya yake tuƙawa ranakun kasuwa, ya kwashi mutane da buhuna tsakanin Warra da Yelwa da ƙetaren tafki. Shi ne tuwon gidanmu, shi ne sabulu da maganin zazzaɓi. Yaya bai ko yi gardama ba. Ya ce shi ya tashi da filafili a hannu, zai koma wa ƙaramin kwalekwale da birgi, ragar nan ta jefawa, in dai ƙaninsa zai hau sama. Har ya samo mai saye daga Yelwa, mutumin ya zo ya ɗaga murfin inji, ya bubbuga katako, ya ce a ba shi mako.

Na tabbata kin san duk wannan tun kafin a gaya miki. Sai wata safiya kika kira ni rumfar banda, kina juya tarwaɗa a kan waya, hayaƙi na shiga mini ido. Kika ce in kawo takardun duka biyu, har wadda ke ƙarƙashin katifa. Kika sa na karanta ina fassara miki, sau biyu kowace.

A nan ya kamata masu karatu su san halinki. Baba kansa bai taɓa sayen kwalekwale ba sai kin yarda. Ba ruwanki da fenti ko zaƙin bakin mai sayarwa. Cewa kike a loda masa duwatsu, a ɗaure shi a bakin ruwa kwana uku, kada kowa ya kwarfe. Ran na huɗu ki tattare zane ki shiga, ki sa hannu ki auna ruwan da ya sha. Masu sayarwa sun sha yin fushi da ke. Ke kuwa sai ki ce, "Ni ba kuɗɗin saye nika tsoro ba, abin da za ya ci bayan an saye shi nika tsoro."

To, ranar nan da na gama karatu, ba ki tambayi kuɗin ba. Kika ce, "Ran da iska tah hana tashi, wa ka biyan kwana da tuwo?" Na duba takarda, babu. Kika ce, "In awoyin da sunka yanka maka sun ƙare, hannunka bai faɗa ba, su ka ƙara ma ko kai ka ƙarawa?" Babu. Kika tambayi wanda aka gwada ya faɗi, da wanda ya kwanta ciwo a can. Duk babu. Sai kika goge hannu a gefen zane, kika ce, "Wagga takarda ba ta kwana ruwa ba." Kika ce ba a sayar da ko ƙusa ɗaya sai na rubuta musu sun amsa.

Kunya ta kama ni ƙwarai, Inna. A ganina, ina ni ina aika wa Turawa tambayoyin mai banda. Na rubuta ne kawai don in rufe miki baki, na kai gidan waya a Yelwa ina gunaguni. Mai sayen ya dawo, Yaya ya ba shi haƙuri, ya sake dawowa ya sake ba shi.

Amsar ta ɗauki makonni. Kuma in faɗi gaskiya, mutanen ba su ɓoye komai ba. Kuɗin da suka rubuta na mafi ƙarancin awoyi ne, kuma ɗalibai da yawa sukan buƙaci ƙari. Kowace awa ta ƙari kai za ka biya, da mai da malami. Ranar da yanayi ya hana tashi, ɗaki da abinci na kanka ne. Gwajin da ka faɗi, ka sake biya. Na karanta a bakin gidan waya, na kuma san kuɗin kwalekwalen da kyar zai kai ko wancan na farko.

Abin da na yi bayan nan shi ne ya fi damuna har yau. Na zo rumfar banda na karanta miki gaisuwarsu da fatan alherinsu, na tsallake tsakiyar, na ce sun ce babu matsala. Kika dubi takardar, kika dube ni. Kika ce, "Auta, takarda ta yi tsawo, Hausarka ta gajarce." Kika karɓe ta da hannunki mai maiƙo, kika sa lulluɓi, kika kai wa malamin asibiti ya karanta miki daga sama har ƙasa.

Da kika dawo ba ki yi mini faɗan ƙaryar ba. Kika aika a gaya wa mai saye ya nemi wani. Ni kuwa da ya kamata in sunkuyar da kai, sai na ɗaga murya. Na ce ke ba ki san komai ba sai kifi, kuma kina so in mutu a bakin ruwa kamar kowa. A gaban matar Yaya na faɗa. Kika juya kika ci gaba da jera kifinki, ni kuma na fita ban ba ki haƙuri ba.

Na nemi aikin koyarwa a wata firamare a Shanga don kawai in yi nisa da ke. Wata da watanni ban taka Warra ba. Amma duk mako sai ƙullin banda ya iso mini ta hannun 'yan kasuwa, an naɗe shi a takardar siminti, babu saƙo babu ƙorafi. Nakan ci, Inna. Fushin nawa bai kai ga barin ragon ruwa ba.

Na zauna jarrabawar makarantar gida, na faɗi. Lissafi ya kayar da ni, ni da nake ganin ƙasar nan ta yi mini kaɗan. Na zaci za ki ce kin faɗa. Abin da ya iso mini shi ne banda, da kuɗin mota zuwa Sakkwato don in sake cika takardu. Shekarar da ta biyo na ci, likita ya ce idona da ƙirjina lafiya, aka kuma sa sunana cikin waɗanda jiha za ta ɗauki nauyinsu.

Ran da zan tafi kika raka ni har bakin ruwa. Na shirya kalmomin ban haƙuri tun daga gida, amma na kasa faɗa. Ke ce kika yi magana. Kika nuna tsakiyar tafki, wajen da tsibirinku yake kafin a datse kogi ruwa ya cinye shi, inda aka haife ki, inda kabarin mahaifiyarki yake. Kika ce, "In ka hau, ka duba mini garinmu. Sun ce daga bisa ana ganin ƙasan ruwa." Na ce to. Na shiga kwalekwale, Yaya ya ja inji, na ce a raina in na dawo hutu zan faɗa miki.

Ban dawo na same ki ba. Saƙon ya iso makaranta kwana biyu bayan an rufe ki.

Ga abin da ba ki ji ba. Daminar farko hadari ya zaunar da mu. Mu yi shiri tun da safe, mu duba mai, mu duba fukafukai, sai gabas ta yi baƙi, a ce a mayar da jirage. Wani lokaci mako guda ba wanda ya bar ƙasa. Muna zaune a baranda muna kallon ruwa, a buga ƙararrawa mu je mu ci abinci, ba wanda ya ce mu kawo sisi. Duk ranar da na ɗauki cokali a irin wannan rana sai tambayarki ta faɗo mini.

Sannan hannuna bai faɗa da wuri ba. Tashi ban da matsala, sauka ce ta gagare ni. Ina buga jirgi a titi yana tsalle, malamina ya riƙe kai ya ce mu sake zagayowa. Abokaina duk suka yi tashin farko su kaɗai, ni ina nan da malami a gefe. Awoyin da na ƙara sun yi yawa har na daina son a ambata. Da a waje nake, da kuɗin sun ƙare ban ko taɓa tashi ni kaɗai ba. Da na dawo Warra babu lasin, babu kwalekwale, Yaya yana jefa birgi da iyali a wuyansa, ke kuma kin tafi.

Da aka kai lokacin da ɗalibi zai yi doguwar tafiya shi kaɗai, na roƙi malamina a zana mini hanya ta kan tafkinmu. Ya duba taswira, ya duba mai, ya yarda. Na rubuta wa Yaya na gaya masa ranar, na kuma yi sa'a ta faɗo ranar kasuwar Warra.

Na iso da hantsi, sama garau. Na ga Yelwa, na bi kogi har ya buɗe ya zama tafki. Na sauko iyakar yadda doka ta yarda, na zagaya wajen da kika nuna mini sau biyu. Inna, ban ga garinku ba. Waɗanda suka gaya miki ana gani ba su taɓa hawa ba. Ruwa ne kawai mai launin ƙasa, sai kawunan wasu busassun itatuwa da tsuntsaye a kai. Na yi ta dubawa har idona ya cika, ban ga katanga ko ɗaya ba.

Da na juya wajen Warra sai na hango kwalekwale ya baro gaɓa, shaƙe da mutane da buhuna, yana jan farin layi a bayansa. A kan rumfarsa an shimfiɗa shuɗin zanenki na saƙi, wanda kike ɗaurawa ranar Juma'a, an danne kusurwoyinsa da duwatsu. Yaya ya yi haka don in gane shi cikin sauran. Na karkata fukafukai dama da hagu, na ga mutum a baya wajen inji ya miƙe tsaye yana kaɗa hula. A nan ne, ni kaɗai a cikin jirgi, inji na ƙara, na faɗi abin da na kasa faɗa miki a bakin ruwa. Ban sani ba ko ya isa gare ki.

Kwalekwalen nan ya yi shekaru bayan haka. An sauya masa katako, an sauya inji, ya aurar da 'ya'yan Yaya, ya kai mata masu naƙuda asibiti. Samarin da ke zuwa wurina kuwa, ba na hana kowa zuwa waje, wanda yake da hali ya je, akwai makarantu nagari ko'ina. Sai dai nakan ce kafin a taɓa gona ko shanu ko abin da gida ke ci da shi, su rubuta su yi tambayoyinki, kuma in amsa ta zo su karanta wa iyayensu duka, kada su tsallake tsakiya. Daga yau zan riƙa gaya musu daga bakin wa na ji.

Ki yafe mini maganar da na faɗa a rumfar banda. Kin san kifi, gaskiya ne. Kin kuma san ɗanki fiye da yadda ya san kansa, kika jure fushinsa don kada ya ci gidansu ya dawo hannu wofi.

Allah Ya jiƙanki, Ya jiƙan Baba, Ya jiƙan mutanenki da ke kwance ƙarƙashin ruwan nan. Allah Ya yalwata kabarinki, Ya sanyaya miki shi, Ya saka miki da Aljanna a kan kowane ƙullin banda da kika aiko wa wanda ba ya gaishe ki. Ya haɗa mu a inda zan faɗa miki da bakina.

Zanen yana wurina. Yaya ya ba ni, da kyar.

Naki har kullum,
Auta