Ruwan Pampon Gidan Fata

Madawa, watan Rajab, 1938

Zuwa ga mahaifina, Baba Sarkin Rijiya, a Tamaske.

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fatan kuna lahiya, kai da Inna, kuma gero ya yi kai. Malam Liman ne ke rubuta mani.

Mun tare a gidan da surukinka ya samu aiki, wurin wani Annasara mai sayen fatun awaki. A tsakar gidan ma'aikata akwai wani ƙarfe da ake kira pampo. Murɗawa kawai ake yi, ruwa ya zubo, ba guga ba igiya. Matan gari har kallonshi suke zuwa yi.

Amma Baba, raina bai kwanta da shi ba. Idan ya kwana a randa yana barin wani zobe a jikinta, kuma harshe yana jin ƙarfe-ƙarfe. Jikarka Biba kwana tara ke nan cikinta yana murɗa. Abin da ya fi tsaya mani, shi Annasaran ba ya shan ruwan. Kowace safiya jaki ke kawo mashi nashi daga fadama. Na tambayi Kalla, kukunshi, dalili, sai ya dubi ƙasa ya ce miyarshi za ta ƙone.

Kai ka san ruwa. Ka aiko mani da abin da ka gani.

Ɗiyarka, Hamsatu.

Madawa, watan Sha'aban

Baba, bayan gaisuwa da tambayar lahiyar gida. Saƙonka ya iso ta hannun masu albasa. Ka ce kada in yi wa ruwa shaida sai na ga uwarshi, kuma in duba ko kwaɗi da zuma suna kusantar shi.

Na bi tiyon da ke kawo ruwan, tun daga tsakar gida har bayan ɗakin ajiyar fata. Can rijiyar take. Taki goma sha biyu daga bakinta, na ƙirga, akwai ramin da ake tsoma fatu cikin maganin kashe ƙwari. Da damina ramin ya cika ya yi hanya, sawun ruwan yana nan a ƙasa, ya nufi rijiyar. Ban ga kwaɗo ko ɗaya ba. Ko ciyawa ba ta fito wurin ba.

Tun ranar na koma ɗaukar tulu zuwa fadama. Maƙwabciyata Kaltuma ta yi mani dariya, ta ce ƙauyanci ne bai sake ni ba. Da na gaya wa surukinka sai ya ɗaure fuska, ya ce in kama bakina, idan anka kore shi sunanshi zai shiga cikin masu aikin tilas na hanya.

Ga abin da ke cina, Baba. Jiya na ɗanɗana ruwan gorar surukinka. Ba na pampo ba ne, ba kuma na tuluna ba. A masallaci yake cika ta. Tun yaushe? Ina kallonshi yana cin tuwo, na kasa tambaya.

A gaida Inna, kada a gaya mata tukuna.

Ɗiyarka, Hamsatu.

Madawa, bayan ƙaramar salla

Baba, barkanmu da shan ruwa. Allah ya maimaita mana, ya ƙara maka lahiya.

Biba ta miƙe, har tana bin kaji. Amma ɗan Kaltuma da anka yaye ya rasu ranar sha biyu ga azumi. Ba zan rantse ruwan ne ba, Allah shi ya sani. Da munka dawo daga gaisuwa na tsare surukinka na tambaye shi. Bai yi gardama ba. Ya ce tun farkon damina Kalla ya raɗa mashi, shi kuwa ya gaya wa kanshi zato ne kawai, ya bar mu muna sha. Ya yi kuka. Ni ban yi ba.

Mu shida, matan gidan, munka cika kwalba munka kai wa anfirme, mai ba da magani a asibiti. Ya shinshina, ya ce zai aika garin Tawa a duba. Har yau shiru. Annasaran da ya ji labari ya sa an cike ramin fatun an haƙa wani can nesa, ya aiko Kalla ya ce mana ruwa ya gyaru. Kaltuma ta ce a gaya mashi ya zo ya sha moɗa ɗaya a gabanmu. Bai zo ba. Ita da hannunta ta naɗe bakin pampon da tsumma da kaba, kuma babu namijin da ya kwance.

Mai unguwa ya ba mu wurin haƙa sabuwar rijiya gabas da gidan, kan tudu, inda ruwan fata ba ya kaiwa. Tunda an gama yankan gero, ina roƙonka ka zo da kayan aikinka ka duba ƙasar. Ba mu yarda da idon kowa ba sai naka.

Surukinka ya ce shi zai shiga ramin rijiyar ya yi haƙa, ko da aikinshi zai tahi. Na ce to. Ban yafe mashi ba tukuna, Baba, amma ni zan riƙe mashi igiya.

Allah ya kawo ka lahiya.

Ɗiyarka, Hamsatu.