Inna, An Ba Motarki Lamba a Madina

Assalamu alaiki, Inna, wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, da roƙon Allah Ya sa wannan rana ta same ki cikin ni'imarSa, ni ce autarki Rabi nake rubuto miki daga unguwar Ƙurban a Madina. Mu duka lafiya, da ni da Abban Hanan da yaran. Aikin kantin magani na asibiti yana nan yadda kika san shi.

Dalilin wannan takarda shi ne in shaida miki cewa motarki ta ci jarrabawa. Ranar Talata ta wuce fahas, wato binciken lafiyar mota da hukumar nan take yi, ranar Alhamis kuma aka ɗaura mata lamba. Yanzu haka tana ƙasa a ƙofar gida, ina hango rufinta ta taga. Wata bakwai na yi ina jiran ranar da zan faɗi wannan magana.

Kin sha ba mu labarin yadda kika saye ta a Maraɗi a hannun wani likita Bafaranshe da zai koma gida, tun kafin a haife ni. Kika tuƙo ta da kanki har Jibiya, mutane suka fito bakin titi suna kallon ungozomar asibiti a bayan sitiyari. Saboda fitilunta ruwan ɗorawa ne, ba farare kamar na sauran motoci ba, sai garin ya sa mata suna Mai Idon Mage.

Ina tuna safiyarki. Ki ɗaura tsohon zane a kan fararen kayan aiki, ki buɗe bonet, ki duba ruwa, ki zaro ƙarfen baƙin mai ki goge da tsumma ki mayar. In wani ya tsaya yana mamaki sai ki ce, "Mota ba ta san mace ko namiji ba, wanda yake kula da ita ta sani."

Bayan rasuwarki ta zauna a gindin darbejiyar tsakar gida har tayoyin suka sace, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Wata rana Yaya Sani ya kira ni ya ce 'yan gwangwan sun zo sau biyu suna tambaya, yana ganin gara a rabu da ita. Ya ce, "Rabi, ƙarfe ne fa. Inna ba ta cikinsa."

Abin da na mayar masa, Inna, ina jin kunyar rubuta shi. Na ce masa shi dama ya gaji da duk abin da zai tuna masa da ke. Na faɗa wa mutumin da ya yi jinyarki wata goma sha ɗaya, yana juya ki yana ba ki abinci a baki, alhali ni sai da aka yi kwana biyu da binne ki na iso. Ya sa aka ɗora motar a kan tirela zuwa Legas kamar yadda na nema, ya turo min takardunta, daga nan gaisuwa ma ta yanke tsakaninmu.

Jirgin ruwa ya sauke ta a Jidda da ƙurar gida a jikinta. A kwastan suka ce ba a shigo da tsofaffin motoci, sai wadda ta tsufa ƙwarai har ta zama abin tarihi, kuma taki ta shiga wannan sahu. Amma hawa titi wata magana ce daban. Aka ba ni wa'adi in gyara ta ta dace da dokar ƙasar, ta wuce fahas, sannan a ba ta istimara, takardar da mota ke yawo da ita. In wa'adin ya cika ba a yi haka ba, to sai dai ta ƙare rayuwarta a ƙarƙashin tamfol.

Aka kawo ta Madina a bayan wata babbar mota, kai tsaye zuwa garejin wani bakanike, Usta Haruna, a wani lungu bayan titin Sultana. Shi wannan Usta haifaffen nan ne. Kakanninsa ne suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, suka yi shekaru a Sudan kafin su ƙetaro. Hausarsa ta tsofaffi ce, rabinta Larabci. Ya zagaya motar sau biyu yana shafa ta, ya ce, "Ma sha Allah. Wannan ai ajuza ce, ya duktura. Tsohuwa mai mutunci." Duktura yake ce min, wato likita, saboda aikin asibiti.

Daga nan ya fara lissafa abin da doka ke so. Fitilun gaba dole su zama farare. Babu bel a kujerun baya, na gaban kuma sun ruɓe. Babu madubi a gefen dama. Sigina ba ta da haske, kuma babu maɓallin da ke kunna su duka huɗu in mota ta tsaya a hanya. Tayoyi sun wuce shekarun da aka yarda. Sai kuma hon ɗin nan na babbar mota da kika sa aka ɗaura miki don shanu su riƙa ba ki hanya in kina sauri zuwa ƙauye. Ya ce wannan ma sai ya sauka.

Na ce masa a taɓa komai, ban da fitilun da hon. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ala kefik, yadda kike so. Amma na'urar fahas ba ta da uwa." Na kafe. Aka kai ta haka, aka dawo da ita da jan rubutu a takarda. Usta bai ce min ga abin da na faɗa miki ba. Ya dai kwance gilasan ruwan ɗorawar da hannunsa, ya naɗe su a jarida, ya sa a kwali tare da hon ɗin, ya miƙo min.

Ranar da za a sa bel ta fi min wuya. Da suka ɗaga kujerar baya don su huda wurin ɗaurewa, sai aka tarar tsatsa ta cinye ƙasan har ana hango siminti. Dole a yanke ƙarfen a yi waldar sabo. Na taso daga aikin safe na tsaya a bakin garejin, tartsatsin wuta yana tashi, ƙarar injin yanka ta cika lungun. Ban san ina kuka ba sai da na ji niƙabina ya jiƙe. Usta ya kashe injin ya ce in je in sha shayi in dawo. Na ce a'a, a ci gaba, ina nan.

Karo na biyu muka tafi da ƙarfin gwiwa, muka sake faɗuwa. Birkin baya na gefe ɗaya ba ya kamawa daidai da ɗan'uwansa, hayaƙi kuma ya wuce ƙima. Usta ya ce kafireto ne ya gaji, da wani ƙaramin famfo na birki, kuma ba abin da za a yi musu dabara ba ne, sai an sami irinsu. Ya buga waya Jidda, ya buga Riyad, ya yini a inda ake kwance matattun motoci a bayan gari. Babu. Wanda muka yi oda daga Turai ya iso, aka gwada, bai hau ba. A lokacin saura sati uku wa'adi ya cika.

Na daina cin abinci sosai. A wurin aiki sai in karanta takardar likita sau uku kafin in yarda da kaina. Abin da yake ci na shi ne, na raba ta da inuwar gidanki, na ɓata da ɗan'uwana, na sa an yanka ta an huda ta, kuma ga alama duk a banza.

Abban Hanan ne ya ce, "Motar nan a Maraɗi aka saye ta. In akwai 'yar'uwarta a duniya, tana can. Ki kira Yaya Sani." Na yi kwana huɗu ina ɗaukar waya ina ajiyewa. A rana ta biyar bayan la'asar na kira. Ya amsa sallama, ya saurare ni har na gama kame-kamena, sai ya ce, "Turo min hoton abin." Ya kashe.

Ashe washegari ya tsallaka Maraɗi. Ya yi kwana biyu yana bin gareji-gareji har aka kai shi wurin wani tsohon bakanike da idonsa ya fara rauni. Da tsohon ya ga hoton ya ji labarin, sai ya ce ai ya san motar, ta ungozomar Jibiya ce, shi ya sha yi mata juyen mai. A bayan gidansa akwai gawar wata irinta, ciyawa ta fito ta tagoginta. Suka kwance abin da ake nema a jikinta.

Saura yadda za su iso cikin lokaci. Yaya ya turo min saƙo gajere cewa in je wani masauki kusa da Harami in nemi Hajiya Binta, tana cikin masu Umara da suka sauka jiya.

Na same ta a ɗaki tare da wasu mata uku, doguwa, mai fara'a, za ta girme ni da 'yan shekaru. Ta jawo jaka ta fara fito da kuka da daddawa da yaji da Yaya ya haɗo min, sannan daga can ƙasa ta zaro ƙunshi a tsohuwar atamfa. Ta ce a filin jirgi sun buɗe sun tambaye ta mene ne wannan, ta ce musu hanjin mota ne, suka yi dariya suka bar ta. Na fara godiya sai ta ɗaga hannu. Ta ce, "Kada ki gode min. Ni a garinmu ba a san Binta ba, Ta-Mota ake ce min."

Ta ba ni labarin da ban taɓa ji daga bakinki ba. Da damina ne, haihuwa ta zo wa mahaifiyarta da gardama, kika je ƙauyen kika ɗauko ta za ki kai asibiti. Kuka tarar rafi ya kawo, babu hanyar ƙetarawa. Kika tsaya a bakin ruwan, kika koma kujerar baya, a nan kika karɓi haihuwar ita Binta. Ta ce da ta ji Yaya yana cigiyar mai tafiya Madina, ita ta je ta same shi har gida.

Usta ya yi kwana uku a kan aikin. Ranar Talata da hantsi muka shiga layin fahas. Shi ya shiga da ita, ni kuma ina ɗakin jira ina kallo ta gilashi. Na ga sun ɗora ta a kan na'urar da ke juya tayoyi, na ga jar fitilar birki ta kama, na ga sun zura wani abu a salansa, wani ya shiga rami a ƙarƙashinta da tocila. Ina ta salati ban san adadi ba. Sai waya ta yi ƙara a hannuna. Kalma ɗaya na gani a saƙon, najih, wato ta ci. Na koma na zauna hawaye suna zuba. Wata Balarabiya da ke kusa da ni ta miƙo min ruwa, ta zaci mummunan labari na samu.

A wajen ginin na kira Yaya. Na ce masa ta wuce. Ya ce, "Alhamdu lillahi. To danna min hon in ji." Na zura hannu ta taga na danna sabon. Sai ya fashe da dariya ya ce wannan ai kukan ɗan akuya ne, ko kaza ba za ta matsa ba. Muka yi ta dariya, daga nan dariyar ta juye. Na ce, "Yaya, ka yafe min abin da na faɗa." Ya ce, "Na yafe tun ranar. Jira nake ki kira kawai." Inna, nauyin da ya sauka daga ƙirjina a lokacin ya fi na takardar fahas.

Yau Asabar da sassafe na je na ɗauko Hajiya Binta, don gobe jirginsu zai tashi. Na buɗe mata gaba ta ƙi, ta ce ita wurinta baya. Na ɗaura mata bel tana ƙorafin ya matse ta. Muka nufi Uhudu gilasai a sauke, tun da motar ajuza ce, ba ta san na'urar sanyi ba. A wajen masu sayar da dabino da carbi mutane suka kewaye mu suna ɗaukar hoto, wani dattijo ɗan Turkiyya har da neman in buɗe masa bonet. Daga can muka gangaro masallacin Ƙuba. Bayan mun idar da nafila na ji ta a gefena tana ambaton sunanki, da sunan mahaifinki, tana roƙa miki abin da ni ban ma iya jerawa ba. Ni dai ina ta cewa amin.

Ban iso na ga fuskarki ba, Inna, kuma na san babu abin da zai mayar min da wannan. Amma yau na ji zan iya ɗaukar abin ba tare da na huce a kan kowa ba.

Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata makwancinki, Ya haskaka shi. Allah Ya sa kowane jariri da ya faɗo hannunki ya zama shaida a gare ki ranar da shaida ke amfani. Ya saka wa Yaya Sani da alheri, Ya ba shi 'ya'yan da za su yi masa abin da ya yi miki. Ya mayar da Hajiya Binta gida lafiya, Ya sa albarka a hannun Usta Haruna. Ya tara mu da ke a inda babu sauran rabuwa.

Gobe Lahadi aikin safe nake da shi. Da motarki zan tafi.

Wassalam.

Taki har abada,
Rabi
Ƙurban, Madina