Duman Kaka a Shingen Waya

Utako, Abuja
9 ga Yuni, 1991

Zuwa ga Kakata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya. Yaya idanun naki, sun ɗan washe? Mu nan lafiya lau, Baba da Inna suna gaishe ki. Kawu Salisu, in kana karanta mata ka yi a hankali, kuma kada ka yi dariyar rubutuna.

Kaka, na shuka irin dumanki guda biyar da kika ƙulle mini a bakin zane, na ƙananan ƙoƙunan nan da kike yi wa zanen wuta. Ɗakinmu yana cikin filin kamfanin da Baba yake gadi, an kewaye shi da shingen waya. A gindin shingen na shuka. Uku sun fito. Ƙasar nan ja ce, tana kama ƙafa, ruwa kuma ba ya fashi.

Ina da tambaya. Me ya sa furen ba ya buɗewa sai rana ta kusa faɗuwa? Kuma me ya sa wani furen yake da ɗan ƙulli a ƙarƙashinsa, wani babu? Akwai wata mata 'yar Gbagyi, Mama Elizabeth, da take kawo wa Inna itace. A kafaɗa take ɗaukar masakinta, ba a ka ba. Ta tsaya ta daɗe tana kallon duman. Na so in tambaye ta, kunya ta hana ni, na shige ɗaki.

Ki gaishe mini da ƙawata Sa'adiya.

Jikarki,
Azumi

Utako, Abuja
22 ga Satumba, 1991

Zuwa ga Kakata,

Assalamu alaikum. Yaya jiki, yaya damina? Saƙonki ya iso ta hannun Kawu. Na yi kuka da na ji awaki sun cinye naki duman tun yana ƙarami, kuma ba ki rage iri ko ɗaya ba. Ke nan irin da kika ce kin gada wajen mahaifiyarki babu shi ko'ina sai a wurina. Kaka, ina jin tsoro, don ni ma nawa labarin ba daɗi.

Duman ya yi yaɗo, ya bi ta ƙarƙashin waya ya fita waje. 'Ya'ya bakwai ya yi, duk a wajen suke kwance. Makon jiya wasu mutane masu hular kwano suka zo suka kafa turaku masu jan fenti. Baba ya ce hanya za a yi, ana sauri saboda gwamnati za ta taso daga Legas kafin shekara ta ƙare. Turke ɗaya a tsakiyar dumana yake.

Na tsinke ɗaya don in ga ko zai yiwu a cire su yanzu. Kwana shida ya yamutse kamar tsohon tumatir. Da na fasa, irin fari ne, laushi, na matsa da farce ya fashe. Yanzu na gane abin da ya sa kike cewa a bar duma sai wuyansa ya bushe.

Baba ya ce shi mai gadi ne, ba zai iya tsayar da hanya saboda ƙoƙo ba. Na je har kusa da ogan masu aikin don in roƙe shi. Ya ce mini “Yes?” Na ce sannu da aiki, na dawo gida.

Amma na yi magana da Mama Elizabeth! Ita ta fara. Ta ce, “Kai yarinya, kullum gudu, ni kura ne?” Ta nuna mini cewa fure mai ƙulli shi ne mace. Ta ce za ta yi tunani a kan maganar hanyar.

Ki sa ni a addu'a.

Jikarki,
Azumi

Utako, Abuja
15 ga Disamba, 1991

Zuwa ga Kakata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da kowa na gida. Kawu, ka fara miƙa mata ƙunshin kafin ka karanta.

Ga yadda aka yi. Mama Elizabeth ta duba ta ce saiwar a cikin shinge take, ba a kan hanya ba. Ta ce sai mu ɗaga yaɗon gaba ɗaya mu ɗora a kan waya, a hankali kamar ana ɗaukar jariri mai barci. Muka sa ranar Asabar. Sai ga katafila tun safiyar Alhamis.

Kaka, ban san lokacin da na fita ba. Na ga dai ina tsaye a gabanta. Direban ya leƙo ya daka mini tsawa. Na ce masa irin kakata ne, babu wani a duniya, ya ba ni zuwa azahar. Sau biyu na faɗa, don na farkon bai ji ba. Ya sauko ya duba, ya yi dariya, ya ce uwarsa ma tana shuka irin wannan a garinsu. Sunansa Andrew. Ya ce, “To, madam, zan fara ta can ƙasa. In na dawo ban san kowa ba.”

Inna ta ruga ta kira Mama Elizabeth. Mu uku muka ɗaga, muka ɗaure kowane ɗa da tsumma. Biyu sun tsinke. Huɗu sun tsira, suka yi wata biyu a rataye, ƙurar hanya ta mai da su ja.

Ranar Alhamis ɗin nan da aka yi bikin tasowar gwamnati kowa ya tafi kallo. Ni na zauna na yanka su da zarton Baba, na fafe. Irin ya yi duhu, ya yi tauri. Naki yana cikin ƙullin leda a ƙunshin nan. Na riƙe biyar, na ba Mama Elizabeth biyar, don ta ce ba su san ko za a tashi ƙauyensu ba, tana so ta tafi da shi duk inda aka kai su.

Ƙoƙon da ke hannunki shi ne ƙaramin cikinsu. Bai gama girma ba lokacin da muka rataye shi, sai ya matsu a jikin waya. Na ɗauka ya lalace. Da na wanke sai na ga zane a gefensa, gida-gida, ba tare da wuta ko wuƙa ba. Ba sai kin gani ba, ki shafa da yatsa. Shingenmu ke nan, inda nake tsayawa in ina kewarki.

Tambaya ɗaya ta rage. Irin da na cire daga wannan ƙaramin na ƙulle shi daban da jan zare. In kin shuka, 'ya'yansa za su fito da zanen waya? Baba ya ce a'a. Mama Elizabeth ta ce ba ta taɓa gwadawa ba. Ki shuka shi nesa da awaki, ki sa Kawu ya rubuto mini.

Jikarki mai kewarki,
Azumi